Ruwan da Na Ce Zai Hau, Ba Wanda Zai Sauko Ba

Daga:
Baballe Ɗanyawuri,
Mai ɗaure jirage, Tashar Umm Sadaf,
Ɗaki na 7, bayan gidan canji, Najma, Doha.

Lahadi, 2 ga Oktoba, 2016
(1 ga Muharram, 1438)

Zuwa ga:
Mai girma Injiniya Umar Faruq Garba,
Babban Manajan Tasha da Bakin Ruwa,
Kamfanin Bandar Sadaf, Doha.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Ƙorafi a kan Mas'udu Lawal, mai kula da fakin da ƙofar shiga bakin ruwa, bisa juya maganata a rahotonsa na ambaliyar 16 ga Satumba, tare da neman a dakatar da soke iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da ɗaukaka, ina roƙon a fara sanin abu guda kafin komai: ni na fara ganin ruwan nan. Kwana goma sha biyu kafin ya taɓa tayar kowace mota na gan shi, a lokacin da duk masu takardu na tashar nan ba wanda ya ji ko ƙanshinsa. Na gan shi, na faɗa, aka yi mini dariya. Yau kuma ni ake kora a kansa.

Yallaɓai, ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Hananiya, makaniken injin jirage na tasharmu, shi ke riƙe da biro, ni ke magana, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Da Hausa na zaɓi a rubuto maka saboda kai Bahaushe ne, kuma duk wannan ɓarna daga wajen mayar da Hausata Turanci ta faro. Ba na son tafinta ya sake shiga tsakanina da gaskiyata.

Domin Yallaɓai bai fi shekara biyu da kama wannan ofis ba, ya kamata ya san wanda ke magana. Ni Basarke ne ɗan Basarke, jinin masunta, a cikin kwale-kwale aka yanke mini cibiya. Shekarata sittin da bakwai. Dorina ta kifar da ni a Yawuri na fito. Iska ta farfasa mana jirgi a tafkin Cadi, mu shida muka shiga, ni kaɗai na taka tudu. Na yi kwana biyu rungume da jarka a Bahar Maliya. Na zo tashar nan a shekarar 1989, lokacin ba kwalta, ba fitila, sai bukkar masu ɗinkin raga. Shekara ashirin da bakwai ina ɗaure jiragen mutane, ba a taɓa wayar gari an ce igiyar Baballe ta kwance ba. A tambayi kowane mai jirgi, Balarabe ko Ba'indiye.

Ga ƙorafina dalla-dalla.

1. A ranar Lahadi 4 ga Satumba, 2016, Mas'udu Lawal, wanda watansa biyar kacal da zuwa tashar nan, ya kawo masu fenti ya sa suka zana layukan ajiye mota guda goma sha uku, daga lamba 40 zuwa 52, a kan gangaren siminti da muke tura kwale-kwale cikin teku. Hujjarsa ita ce Babbar Sallah ta matso, masu zuwa shan iska za su yi yawa, fakin na sama ba zai ɗauke su ba. Wannan gangare ba don ado aka bar shi wayam ba. Nan ne masunta ke sauke jiragensu, ta gefensa kuma masu zuwa da ƙafa ke gangarawa yashi, musamman leburorin da bas ke kawowa daga unguwar Asian Town ranar Juma'a. Ya toshe wa masunta hanya, ya sa sarƙa a ƙofar masu ƙafa, ya ce su zagaya ta bayan rumbun ƙanƙara. Bai nemi shawarar kowa ba.

2. A wannan rana, fentin bai ma bushe ba, na same shi a gaban rumfar masu gadi, na cire hulata don girmama kujerarsa, ba shekarunsa ba, domin na haifi wanda ya girme shi. Na shaida masa cewa idan wata ya cika, ranar Juma'a ta bayan Sallah, ruwa zai hau wurin nan bayan la'asar, in kuma iskar arewa ta taso, har layi na arba'in sai ya sha. Abin da na faɗa ke nan: ruwa zai hau. Moro, direban motar janwe, mutumin Kumasi, yana tsaye a wurin, da kunnensa ya ji. Mas'udu ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ciro wayarsa ya shafa, ya juyo da ita ya nuna mini hoton rana, ya ce babu ruwa a Doha har nan da wata biyu. Ranka ya daɗe, ni ina maganar tekun da ke bayansa, shi yana duban gajimare. Na sake cewa ruwan ƙasa nake nufi, na miƙa hannu na nuna masa tekun. Bai waiwaya ba. Ya daki kafaɗata, ya ce khalas, zance ya ƙare, in koma wajen igiyoyina, shi ma ɗan Arewa ne, ya san hadari in ya gan shi.

Ina roƙon Yallaɓai ya tsaya a nan ya yi wa kansa tambaya. A duk ƙasar Hausa, daga Yawuri har Nguru, ruwan sama hawa yake yi ko sauka? Yaron goye ya san amsa. Mutumin da aka damƙa wa bakin teku bai sani ba.

3. Bai tsaya nan ba. Washegari ya ba ma'aikata labari da Turanci cewa tsohon Najeriya ya yi duba ya ga damina a watan Satumba. Tun daga ranar, in na wuce, yaran Nepal masu shara sai su tara tafin hannu sama kamar masu jiran yayyafi. Wani ya rataya tsohuwar lema a ƙofar rumfata. Shi kansa Mas'udu ya daina kiran sunana, sai Baba Hasashe. Ni da masu jirage ke tambaya kafin su fita kamun kifi, ni aka mayar abin nishaɗin masu tsintsiya. Na haɗiye, domin na san ranar da nake jira.

4. A ranar Alhamis 8 ga Satumba ya ɗauke ni daga wajen jirage ya tsayar da ni a ƙofar fakin na sama, ya ba ni usur da riga mai ƙyalli, wai tunda na tsufa, ɗaga sanda wa motoci ya fi dacewa da ni. Na karɓa ban yi musu ba, domin umarni ne na ofis.

5. Ranar Juma'a 16 ga Satumba, sha huɗu ga watan Babbar Sallah, tun da hantsi iskar arewa ta fara kaɗawa. Na aika Moro ya sake faɗa wa Mas'udu. Aka ce ya tafi cin abinci unguwar Al Asmakh wajen abokansa, wayarsa kuma ba ta shiga. Kafin la'asar layukan nan goma sha uku duk sun cika da motoci, masu su sun bazu a yashi da iyalansu. Ƙarfe biyar saura, ruwa ya taɓa lamba 52. Na bar ƙofar da aka tsayar da ni, kuma ba na musun na bar ta. Na bi yashi da gudu ina busa usur ina kiran lambobin motoci da Larabcin da na tsinta a bakin aiki. Mota huɗu na samu masu su suka fitar. Tara suka rage, ruwan gishiri ya shige su har kujeru. A lamba 49 akwai wata tsohuwa da 'ya'yanta suka bari a mota da na'urar sanyi a kunne saboda ciwon ƙafa. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, ruwa ya danne ta. Ta taga na zaro ta, na goya ta a bayana, ruwa iya ƙirjina, na haura da ita tudu. Ni mai shekara sittin da bakwai. Samari cike da wurin, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Mas'udu ya iso bayan magariba, takalminsa ko laima bai taɓa ba.

6. Wannan shi ne babban abin da ya sa na rubuto. A ranar Lahadi 18 ga Satumba ya miƙa wa ofishinka rahoto da Turanci. Hananiya ya karanta mini shi sau biyu. A ciki ya rubuta cewa ba wani ma'aikaci da ya sanar da shi hatsarin cikar teku, cewa abin da na faɗa masa kawai shi ne za a yi ruwan sama, kuma ba a yi ba. Ya ɗauki kalmata guda, ruwa, ya zaɓi fassarar da za ta wanke shi ya dangwala a takarda. Ya ƙara da cewa na bar wurin aikina ba izini a lokacin da ake tsananin bukatata, kuma cewa irin wannan cika ba a taɓa ganinta ba, tsautsayi ne daga Allah. Tsohuwar da na goya ba ta samu ko layi ɗaya a rahoton ba. Ranar farko zan iya cewa jahilci ne, bai fahimce ni ba. Amma ranar da ya zauna rubutu ya riga ya ga motoci tara a cikin teku, ya san ruwan da nake nufi. Wannan ba kuskure ba ne, sharri ne, kuma ban yafe ba.

7. Bisa wannan rahoto, a ranar Talata 27 ga Satumba ofishin ma'aikata ya kira ni ya shaida mini cewa kamfani, wanda shi ne kafil ɗina da ya tsaya mini a ƙasar nan, zai yi mini kansil, wato ya soke iƙamata, ranar 31 ga Oktoba, in tattara in koma gida. Yallaɓai, komawa gida ba ta ba ni tsoro. Ina da kwale-kwale a Yawuri, ina da mai ɗakina Sahadatu da ta gaji da jira. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne dalilin. Labari yana riga mutum isa gida. Ba zan sauka a garinmu ana nuna ni ana cewa ga Basarken da aka koro daga ƙasar Larabawa don bai san ruwa ba. Kakannina ba su bar mini gona ko gida ba, sanin ruwa suka bar mini, shi kuma wannan yaro ya sa biro ya soke.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina neman ofishinka mai adalci ya yi waɗannan abubuwa.

A dakatar da kansil ɗina nan take, a mayar da ni wajen jiragena. A kira Moro a rantsar da shi ya maimaita kalmar da ya ji daga bakina. A janye rahoton 18 ga Satumba, a sa Mas'udu ya rubuta wani da hannunsa, ya tsaya a gaban rumfar masu gadi, a daidai inda ya daki kafaɗata, ya karanta shi da ƙarfi a gaban duk ma'aikata, da Turanci don masu shara su ji, sannan da Hausa don ni in ji. A cire sarƙar ƙofar masu ƙafa, a mayar wa masunta gangarensu. Layukan nan goma sha uku kuma kada a ɗauko lebura ko ɗaya, a ba shi burushin ƙarfe ya kankare su da kansa, da rana tsaka, ina zaune a inuwa ina nuna masa inda ya tsallake. Bayan haka a raba shi da bakin ruwa gaba ɗaya, a kai shi inda ba abin da zai nutse. Ba na neman a soke masa iƙama. Na fi so ya zauna a Doha ya daɗe, kullum ya wuce ana tuna masa.

Na samu labarin cewa yana shirin sake buɗe layukan a tsakiyar wata, yana cewa abin ya wuce, ba zai maimaitu ba. To, Yallaɓai, ba sai an wahalar da kwamiti ba, ga hanya mai sauƙi. Ranar Lahadi 16 ga Oktoba wata zai sake cika. Mas'udu ya kawo farar motarsa da yake gogewa sau biyu a rana, ya ajiye ta a lamba 50 da ƙarfe uku, ya miƙa maka makulli a hannunka, mu zauna mu uku a kan tudu. Ko da iska ko ba iska. Idan aka kira magariba ruwa bai shiga motar nan ba, kada a jira 31 ga wata, a daren zan ɗauki jakata in tafi filin jirgi da ƙafata, a kuma rubuta a takardata duk abin da aka ga dama, zan dangwala. Idan kuwa ya shiga, a bar ta a ciki har teku ta janye don kanta, kada Moro ya taɓa ta.

Duk wanda ke shakkar maganata a kamfanin nan, babba ko ƙarami, mai digiri ko mai tsintsiya, akwai sauran layi goma sha biyu. Ya kawo tasa motar ya jera kusa da ta Mas'udu.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya sa ya gama da ofishin nan lafiya. Ina jiran amsa kafin wata ya cika.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Baballe Ɗanyawuri
(dangwalen babban yatsan dama)

Wanda ya rubuta da yawunsa: Hananiya Bitrus, sashen gyaran injin jirage.