Ƙorafi kan Kulle Ɗakin Gwajin Na'urar Ɗinke Hanji

Daga: Injiniya mai kula da aikin sensa,
Sashen Ƙera Kayan Fiɗa, hawa na biyu.
15 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Cibiyar Binciken Kayan Asibiti,
ta hannun Sakataren Gudanarwa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Kulle ɗakin gwajinmu da kashe firjin da ke ciki

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadina da abokin aikina mai rubuta manhaja, wanda kowa ya sani da Dogo. Ina roƙon a yi mini uzuri idan an ji ƙamshin murna a takardar da ya kamata ta zama ta kuka. Na yi iya ƙoƙarina in ɓata rai, abin ya gagara.

1. Kamar yadda Yallaɓai ya sani, shekara uku ke nan muna fama da na'urar ɗinki mai batir, wadda likita ke zurawa ta 'yar huda a cikin majinyaci, ta matse hanji, ta jera masa ƙananan fil na ƙarfe, ta yanke. Likita ba ya taɓa naman da hannunsa, a allo yake kallo. In naman ya yi kauri, fil ba ya rufewa. In ya yi siriri, ɗinki ya yi sako-sako. Ko wanne aka yi, hanji na iya yoyo. Aikina shi ne sensa, wato ɗan abin da zai ji kaurin naman kafin a ɗinka. Na baya duk sun kunyata mu, da sun ji danshi sai su fara zuba ƙarya.

2. A ranar Talata, 13 ga wata, mun gwada sabon, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, muka dasa shi a bakin muƙamuƙin na'urar. An yi gwajin a kan kayan cikin saniya da muke ajiyewa a firji bisa izinin Cibiya, a gaban likitar fiɗa da ke ba mu shawara. A kan hanji, ya kunna koriyar fitila ya ɗinke tsaf. Da muka sa masa tumbi mai kauri, sai ya rage gudu, ya tsaya, ya nuna ja, ya ƙi motsi. Ranka ya daɗe, ya ƙi! Dogo ya lallashe shi, ya danna, ya sake dannawa, yana nan a kan bakansa. Ban taɓa ganin taurin kai mai daɗi irin wannan ba. Muka cika hanjin da aka ɗinke da ruwa mai shuɗi, muka ɗaure ɗaya bakin da zare, muka matsa. Ko ɗigo.

3. Abin da ya biyo baya ba zan ɓoye ba. Dogo ya rungumi kujera yana juyi da ita. Likita, mace mai kamun kai wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ni kuwa ban san lokacin da na fita baranda da hanjin a hannu ba, ina neman wanda zan nuna wa. A kwanar matattakala na yi karo da Manajan Gini, yana sanye da farar riga. Ruwan shuɗin ya wanke masa ita, amma ina so a rubuta a fayil cewa ɓangaren zaren ne ya kwance. Ɗinkin na'ura bai ko motsa ba, na duba shi a nan take kafin in dubi Manaja, kuma ina jin wannan ne ya fi ɓata masa rai.

4. Na ba shi haƙuri a wurin, na sake ba shi a ofishinsa, na nemi ya ba ni rigar in kai wanki. Ya ce shi ba riga ce ta dame shi ba, mun mayar masa da gini mahauta. Kafin a tashi aiki ya sa ƙwado a ƙofarmu, ya kashe layin wutar ɗakin, ba tare da sanar da Shugaban Sashe ba. Ƙa'idar Cibiya ba ta ba shi ikon rufe ɗakin bincike shi kaɗai ba.

5. Firjin yana kashe tun ranar. Ma'aikatan ofishin da ke maƙwabtaka da mu sun fara toshe hanci, shi kuma Manaja da ya gudu daga warin mahauta, ga shi yana girka wanda ya fi shi. Na'urar tana ciki, ita kaɗai gare mu, haka ma kwamfutar da ta naɗi sakamakon.

6. A ranar Alhamis, 22 ga wata, kwamitin likitoci zai zo ya yanke ko aikin zai wuce mataki na gaba ko a rufe shi. Dole mu maimaita gwajin sau da yawa kafin nan, domin nasarar yini ɗaya ba hujja ba ce. Yallaɓai, mahaifiyata ta yi wata biyu a gadon asibiti saboda ɗinkin da ya yi yoyo, ni na yi jinyarta. Da na kira ta ranar Talata, ba ta gane bayanin sensa ba, amma ta ce in dai wata ba za ta sha abin da ta sha ba, in je in yi ta rawata.

Saboda haka ina roƙon Mai girma Shugaba ya ba da umarnin buɗe ɗakin a yau, a maido da wuta, a ba mu izinin kwashe abin da ya lalace mu wanke firjin da kanmu. Ba na neman a hukunta Manaja. Mutumin kirki ne, ranar ce ta zo masa da shuɗi.

Ina rubuta wannan takarda ne a zaune a ƙofar ɗakin, Dogo na gefena da bokiti da safar hannu. Duk wanda za a aiko da makulli, a nan zai same mu.

Ina mai matuƙar ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Injiniya mai kula da aikin sensa