Karen Mama Ya Ƙi Cin Abinci

Litinin, 3 ga Maris

Mama ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. An kwantar da ita a asibiti. Suna tura ta a kan gadon nan mai taya, tana cije leɓe, ta kamo hannuna. Na sunkuya, na ɗauka wata magana ce. "Ɗan Lele," in ji ta. "Kar a bar shi shi kaɗai."

Ɗan Lele karenta ne. Bai kai kyanwar maƙwabta girma ba, fari-fari, da idanu kamar wanda aka yi wa laifi. Da yamma ƙanena ya kawo min shi a kwali, wai matarsa tana da mai rarrafe. "Yaya, ke ce ba ki da kowa a gida." Haka ya faɗa, yana murmushi. Ni da ban taɓa yarda kare ya raɓi zanena ba.

Na ajiye kwalin a baranda, bayan keken ɗinki. Ba zan kira shi Ɗan Lele ba. Yallaɓai zan riƙa ce masa.

Talata, 4 ga Maris

Na zuba masa ragowar shinkafa a murfin roba. Ya shinshina, ya dube ni, ya koma kwali. To, ranka ya daɗe.

Alhamis, 6 ga Maris

Kwana uku, ruwa kawai yake lasa. Na bar ɗinkin rigunan makaranta a rabi na tafi shagon da ake sayar da kayan dabbobi. Ban san akwai irin wannan a duniya ba. Kanta guda, daga ƙasa har sama, duk abincin kare: na gwangwani, na buhu, na ƴan kwikwiyo, na tsofaffi, har da na masu ƙiba. Na tsaya ina ta kallo kamar baƙauya.

Mai shagon ta fara jero tambayoyi. Shekarunsa nawa, nauyinsa fa, me ya saba ci. Na ce ban sani ba, kare ne dai. Ta yi wata dariya da ban so ba. Na ɗauki buhun da ya fi kusa da hannuna, mai hoton wani ƙaton kare a jiki, na fito.

A hanya na tuna ina ƴar shekara tara, a kan kujera ƴar tsugunno don in kai bakin tukunya. Mu biyar, Mama tana masaƙa tun safe sai magariba. Ba wanda ya taɓa tambayar nauyina.

Asabar, 8 ga Maris

Yana ɗaukar ƙwaya ɗaya a baki, ya juya ta, ya ajiye. Baranda duk ta cika da su, na taka ɗaya da tafin ƙafa na kusa zagi.

Asibiti. An yi aikin, an ce ya yi kyau. Na kai mata kaya masu tsabta, na goge mata baya, na canza mata ɗankwali. Ta farka sosai, kalmarta ta farko: "Yana ci?" Na ce yana ci. Ta lumshe ido. Ƙanena ya leƙo minti goma da lemo a leda, ta sa masa albarka har sau uku.

Lahadi, 9 ga Maris

Na soya nama da albasa, na tsakura masa. Ya cinye tas, har da lashe murfin. Na ce ashe dai iyayi ne. Kafin la'asar ya amayar da shi a kan yadin mutane.

Laraba, 12 ga Maris

Jiya ko tashi bai yi ba, sai rawar jiki. Na naɗe shi a tsohon tawul na kai shi wurin likitan dabbobi. Ba don shi ba. Don kar a ce a hannuna ya mutu, in shiga bakin dangi har ƙarshen rayuwata.

Likitan ya buɗe masa baki ya nuna min. Haƙora biyu sun ruɓe, dasashin ya kumbura. Ya ce tsoho ne, zai kai shekara goma sha ɗaya. Abin da na sayo na manyan karnuka ne, ƙwayar ta fi ƙarfin bakinsa. Albasa kuwa guba ce gare su, balle mai ƙaramin jiki irin wannan. Ƙashin kaza dafaffe ma kar in kuskura. Kuma irinsu cikinsu kaɗan ne, ba sa jure yunwa, sai a riƙa ba su kaɗan-kaɗan sau uku. Yana magana a hankali kamar mai koya wa yaro karatu, ni kuma ina tsaye da furfurata.

Ya yi masa allura, ya ba ni magani in riƙa ba shi, ya ce in binciko abin da mai shi take ba shi, kar a sauya masa farat ɗaya.

Na biya ta gidan Mama. A cikin kabad na kicin, a bayan ƙofar, takarda ce manne da rubutunta. Ƙarfe bakwai, ƙarfe ɗaya, ƙarfe shida. Rabin ƙaramin kofi. A jiƙa da ruwan ɗumi ya yi laushi. A taɓa da bayan hannu kafin a ba shi. Kaza dafaffiya ba gishiri, a yayyaga sirara. Idan ya ƙi, a zauna kusa da shi.

A zauna kusa da shi.

Na daɗe a tsaye a kicin ɗin. Matar nan har yau ba ta san kifi yana sa min ƙaiƙayi ba. Bara ma shi ta zuba min, ta ce na cika tsirfa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na faɗa mata. Ban yi niyya ba, ina yanke mata farce ne ta sake cewa yana ci, sai kawai bakina ya buɗe. Na ce Mama, na ga takardarki. Na ce mu biyar kika haifa, wa kika taɓa taɓa wa abinci da bayan hannu? Matar gadon kusa ta juya fuska bango.

Sai ta ce, "Ku kuna da ke." Can kuma, tana kallon silin: "Lokacinku ba ni da lokaci. Yanzu kuma lokacin kaɗai gare ni, ba mai so."

Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ni ma ban ce ba. Na ƙarasa farcen, na kwashe kwanuka na tafi. Kuna da ke. Ni kuma wa nake da shi? Wannan ban tambaya ba, a mota ya zo min.

Litinin, 17 ga Maris

Ya ci. Sai da na zauna a ƙasa kamar wata marar aikin yi.

Alhamis, 20 ga Maris

Na mayar da ƙaton buhun, na karɓo mai ƙananan ƙwaya na tsofaffi, irin wanda na gani a kabad ɗin Mama. Wannan karon na amsa wa mai shagon duk tambayoyinta, har nauyin. Kilo uku da ɗan ɗoriya. Ba ta yi dariya ba.

Ya koma kwanciya a kan ƙyallayen da ke zubowa ƙarƙashin keke. In na taka keken, kunnensa ya motsa. Na kore shi sau biyu, na gaji.

Lahadi, 23 ga Maris

An sallami Mama, gidan ƙanena aka kai ta, su ne ba su da matakala. Makonni uku ina jigila, amma a gidansa ake zuwa sannu, shi ake yi wa Allah ya saka. Likita ya ce ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba, sunkuyo ma sai a hankali. Matar ƙanena ta ce ita dai kare ba zai shigar mata gida ba, kuma ban ga laifinta ba.

A bakin ƙofa ƙanena ya ja ni gefe. "Yaya, na samo wadda za ta karɓe shi, ki huta. Mama kuma a ce mata yana wurinki." Na ce to. Me zan ce? Ai hutun nake nema.

Alhamis, 27 ga Maris

Matar ta zo ganinsa. Mai fara'a ce, ba ta da aibu, tana da fili a gida da yara uku. Ta ɗaga shi sama tana wasa da shi, shi kuma yana ta waigena. Na tambaye ta me za ta riƙa ba shi. "Ai ba a rasa ragowa a gidanmu, ga ƙasusuwa."

Ban san lokacin da na fara ba. Haƙora, albasa, ruwan ɗumi, rabin kofi, ƙarfe nawa da ƙarfe nawa. Ta saki baki tana kallona. Ta ce, "Ikon Allah, kamar jariri." Na ji kunya, na ce ba ni na tsara ba, haka na tarar. Ta rubuta min lambarta a ƴar takarda, na ce zan kira in ya gama shan magani.

Asabar, 5 ga Afrilu

Maganin ya ƙare tun Talata. Ƙanena ya kira sau biyu, na ce aiki ya yi min yawa, kuma gaskiya ne, ga rigunan makaranta arba'in.

Na je duba Mama. Ta rame. Na shafa mata mai a ƙafa, ta yi barci. Ƙarfe ɗaya saura na miƙe, matar ƙanena ta ce in tsaya a ci abinci, na ce ina da uzuri a gida. Ba ta tambayi wane uzuri ba.

Takardar lambar matar nan tana aljihun rigar da na wanke jiya. Ta dame, ba a ganin komai. Ban duba aljihun ba kafin in jiƙa. Ko na duba ma, ban tuna ba.