Farin Ƙyallen Bishiyar Lemo

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Yaya Thoan, a Numeya, can ƙetaren teku.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Mai Sama ya kiyaye ka a cikin ramin nan da kuke haƙar ma'adinai, kakanninmu su riƙe maka ƙafa har ranar da jirgi zai dawo mana da kai gida. Mun ji labarin tarin da ya matsa maka, na kunna turare a gaban hoton iyayenmu na roƙa maka sauƙi. Mu nan Hue jiki lafiya. Mijina Luom ya sake yi wa kwale-kwale faci, yana nan da surutunsa da ciwon bayansa, kifi kuma bana ba laifi. Zuciya ce dai ba lafiya. Mutumin da ke rubuta mini wannan wasiƙa a bakin kasuwa tun ban fara ba yake cewa in sassauta harshe, na ce masa shi nasa alƙalami ne, bakin nawa ne, ya rubuta yadda na faɗa.

Maganar ƙanwarmu Gam ce da 'yarta Hen. A wasiƙun baya na ce maka uban yarinyar ya mutu a yaƙi, ban ƙara komai ba, domin a lokacin ambaton sunansa kaɗai ya isa a ƙone mana kwale-kwale. Yanzu da Faransawa suka tattara suka tafi zan iya faɗa. Khiem ne, ɗan autan marigayi hakimi Phan, mutanen gidan nan mai jan rufi da babanmu ya tsufa yana tsallakar da su kogi ba a taɓa ce masa ga wuri zauna ba. Yaron ya bar makaranta ya shiga daji wurin masu yaƙi. Wata rana aka kawo mana shi da harsashi a cinya, Gam ta ɓoye shi ƙarƙashin taru a cikin kwale-kwalenta, tana ba shi kunun shinkafa har ya miƙe. Da ya warke ya ce zai taya ta tuƙi, sai ga kwale-kwale yana ta juyi wuri ɗaya. Gam ta ce masa ko kaza ta fi shi iya riƙe filafili, ya koma ya riƙe littafinsa. Shi kuma ya ce ai da gangan yake yi don kada su isa gaɓa da wuri. Tun daga ranar na san abin da ake ciki.

Kada ka ce yaron wasa ya yi da ita, a gabana aka yi komai. Ya aika wa mahaifiyarsa, Uwargida Phan, cewa yana so a kai mana trau, ganyen taunawar nan na neman aure. Amsar da ta aiko ita ce, gidan da kakanninsa suka ci jarrabawar sarki ba zai ɗauko suruka daga cikin mutanen da ake haifa a kwale-kwale, su yi kashi a kwale-kwale, su mutu a kwale-kwale ba. Sai ya yi abin da zai iya. Ya kunna turare a gaban hoton iyayenmu, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, ya ce su shaida Gam matarsa ce, in yaƙi ya ƙare zai cika sauran. Amma ka san mutanen tudu, in ba a ratsa gari da faranti a ka ba, ba a yanka alade an ci ba, a wurinsu ba a yi aure ba. Yaƙin kuma bai jira shi ba. An harbe shi yana tsallake kogi can sama, Gam da tsohon ciki ta shiga ruwa ta jawo shi, ni da Luom muka taya ta binne shi a gefen kurmin gora. Gidansu sun ji ya mutu, sun kuma san wa ke ɗauke da cikinsa, amma ko kare ba su aiko ya tambaye mu ba.

Haka Hen ta taso. Yarinya mai hankali, mai faɗin goshi irin na ubanta sak, amma in ta hau tudu yara su bi ta suna cewa tarwaɗa ce ubanta. Bana ya kamata ta shiga makaranta, kuma abin da ake fara tambaya a ƙofa shi ne 'yar wa ce. Gam ba ta taɓa neman gonarsu ko kwanon shinkafarsu ba. Abu ɗaya take so, a ce a gaban mutane yarinyar nan tana da uba.

To bana sai ciwo ya shiga gidan Phan. Babban ɗan ya kwanta ya kasa tashi, jikoki suna ta zazzaɓi. Suka je wurin mai duba, ya ce musu autansu ne yake kwance a cikin laka yana jin sanyi, in ba a ɗauko ƙasusuwansa an kai shi kusa da kakanninsa ba gidan ba zai ga daidai ba. A nan fa aka tuna da mu. Yaya, da ka ga Uwargida Phan da takalminta na siliki tana taka katakon kwale-kwalenmu, ana riƙe da ita hagu da dama, da ka ce ido ne ke maka gizo. Ta zauna a tabarmarmu. Gam ta naɗa trau ta miƙa mata da hannu biyu, ta karɓa ta tauna har bakinta ya yi ja. Ta kira Gam 'yata. Ta ɗago haɓar Hen ta daɗe tana kallo, ta ce wannan goshin ai ta san shi, har da share ido. Kai ka san mu, wanda ya karɓi trau daga hannunka ya tauna ya gama magana ke nan. Da haka iyayenmu suke ƙulla aure, da haka suke kashe faɗa. Ba mu ce ta rantse ba, ba mu kira shaidu ba, don a ganinmu cin fuska ne ka nemi rantsuwa daga babba bayan ya tauna. Ashe su mutanen tudu taunawa kawai suke yi su tofar.

Gam ta kai su wurin da muka binne shi. Da masu haƙa suka gama suka ce ai an kwashe, ta shiga ramin da kanta tana laluben laka har ta tsinto 'yan ƙananan ƙasusuwan yatsunsa. Ita ta wanke su da ruwan ƙamshi, ta jera su a akwatin yumɓu, ba ta yi kuka ba. A kwale-kwalenmu aka ɗauko shi, Hen tana zaune kusa da akwatin da hannunta a kai.

Ranar jana'iza muka yi wanka muka sa abin da muke da shi mai kyau. Gam ta taje wa Hen kai ta mayar da gashin baya, don goshin ya zauna sarai ya karɓi farin ƙyallen makoki. Aka bar mu muka shiga tsakar gida, aka nuna mana gefen madafa. Dieu, yayar Khiem, mai bakin nan kamar ta sha tsamiya, ita ke yaga ƙyalle tana rabawa. Aka ɗaura wa 'yan'uwa, aka ɗaura wa surukai, aka ɗaura wa wasu dangi daga Da Nang da ko fuskarsa ba su taɓa gani ba. Sandar gora da ɗan mamaci ke dogarawa aka ba ɗan wansa, ban ga laifi ba, tun da Hen mace ce. Aka ɗaura wa barori, har da mai kiwon agwagi. Sannan wani bara ya ɗebi sauran ya bi lambu yana ɗaura wa itatuwa, kamar yadda ake yi don kada su bushe da baƙin cikin maigida. Gwaiba ta samu, mangwaro ya samu, bishiyar lemon da ke bakin rijiya ta samu. Hen tana tsaye ta miƙe wuya, duk wanda ya gifta da farin ƙyalle sai ta matso da goshinta gaba.

Na daure har na kasa. Na je na durƙusa gaban Dieu na ce, ranki ya daɗe, an manta da 'yar marigayi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wace 'yar, ita ba ta ji an yi biki ba. Da ta ga mutane sun fara juyowa sai ta sauya murya ta ce ƙyalle ne ya ƙare, kowa ya san tsadar yadi bayan yaƙi. Na juya wurin Uwargida, wadda bakinta ya yi ja da trau ɗinmu. Ta kau da kai, ta ce wa wata baranya a tabbata an ɗebar wa masu kwale-kwale shinkafa da nama, sun yi wahala.

Ban ga lokacin da Gam ta bar gefena ba. Sai ganinta na yi a bakin rijiya tana kwance ƙyallen bishiyar lemo. Ba ta yi sauri ba, ba ta ɓoye ba. Ta dawo ta durƙusa gaban 'yarta ta ɗaura mata, ta gyara ƙullin a baya. Na ɗauka za su yi kanmu ne a kan yarinyar, har na gyara ɗaurin zanena. Ka san abin da Dieu ta kwarma ihu a kai? Bishiya! Wai an tuɓe wa bishiya makoki, za ta bushe, ita ce mai lemon da ake kai wa manya. Nan take bara ya ruga ciki ya fito da bandir guda na farin yadi, sabo fil, ya yaga ya ɗaura wa bishiyar, kowa yana kallo. Yadin da aka ce ya ƙare ke nan. Yaya, ban san ina da murya haka ba. Na ce musu su ji kunyar akwatin da ke gabansu, na ce hannun da suke ƙyama shi ya tsinto musu yatsun ɗansu daga laka, na ce tun da lemo ya fi jini a gidan nan to lemon ya riƙa kunna wa Khiem turare duk shekara. Luom yana jan rigata yana cewa ya isa, na ce ya sake ni ko in haɗa da shi. Babu wanda ya iya ɗaga hannu ya cire ƙyalle daga kan yarinya a gaban gawar, sai suka yi kamar ba su gan mu ba. A can ƙarshen layi muka bi su har makabarta, bayan masu busa da masu ɗaukar tuta, amma duk garin ya ga farin da ke kanta.

A hanyar dawowa Hen ta tambaye ni ko bishiyar ma 'yar babanta ce, ko ta ji haushi da aka karɓe mata nata. Na gyara mata ƙullin muka ci gaba da tafiya.

Washegari mai unguwa ya zo, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce gidan Phan sun aiko shi, gaɓar da muke ɗaure kwale-kwale ƙasarsu ce, in an cire wa yarinyar ƙyalle an manta da komai, in kuwa za ta riƙa yawo da shi a gari mu nemi wata gaɓar. Gaɓar da aka haife ka ce, Yaya, turken da babanmu ya kafa yana nan, kuma a nan duk masu tsallakawarmu suka san mu. Luom ya ce a yi tunani, damina na tafe, ƙasan kogi babu mafaka. Ni kaina na bar wa Gam, domin ba ni zan yanke ba. Gam ta ce wa mai unguwa ya koma ya gaya musu 'ya tana makokin ubanta har wa'adi ya cika, ba ta san wata doka da ta ce a rage ba. Tana gama faɗa ta tashi ta kwance igiya. Muka kwance tamu muka bi ta.

Yanzu muna can ƙasa kusa da bakin teku, inda iska ba ta barin tukunya ta zauna a murhu. Masu tsallakawa kaɗan ne, mun koma tonon ƙumba, katantanwar ruwan nan. Na gaya maka duk wannan ne don labari zai iso ka ta bakin wasu, kuma na san halinka na son zaman lafiya da manya. Kada ka rubuto ka ce Gam ta je ta ba da haƙuri. In ka rubuto haka ba zan bari a karanta mata ba. In za ka aiko da amsa, ka aiko ta hannun mai rubutun nan na bakin kasuwa, ya san inda muke.

Ka gaishe mini da matarka Yaya Muoi, da yara Tanh da Roi, ka ce musu goggonsu tana marmarin ganin fuskarsu. Ka gaida Kawu Chat in har yanzu kuna rami ɗaya. Luom yana gaishe ka, Gam tana gaishe ka da girmamawa, ta ce ka sha maganin tarinka. Hen ma tana gaida kawunta da ba ta taɓa gani ba. Ga ta nan zaune kusa da ni ana rubutun nan, ƙyallen ya fara dauɗa, amma ta hana a wanke, wai tana tsoro in an shanya shi wani zai zo ya ɗauke.

Ni ce ƙanwarka mai tuna ka kullum,
Lieu