Ni da Popon, Albashi Ɗaya

Litinin, 2 ga Disamba

Popon ta fara aiki yau. Ni na roƙi Pak Dudung, shugaban layinmu a kamfanin ɗinki, ya ɗauke ta, don tun rasuwar mijinta ba ta da abin riƙe yaranta biyu. Wata uku na gwaji, in ta ci a bar ta. An zaunar da ita a keken ɗinkin da ke kusa da nawa, wurin ɗora kwalar riga. Tun muna yara a unguwa haka take, komai sai ta ce min "Teh Entin, yaya ake yi?", don ta ɗauke ni yayarta. Kwala shida ta karkatar kafin azahar. Da aka fita hutu na warware su na sake, kamar yadda tsohon hannu ke yi wa sabo a layinmu. Sai a tsaye na ci abinci.

Juma'a, 13 ga Disamba

An fitar da sakamakon auna aiki. Ni ce ta ɗaya a layi, karo na uku a jere. Ƙari zai shiga albashin Janairu. Shekara goma sha ɗaya ina tara irin wannan ƙarin, kaɗan-kaɗan, da ciwon baya da riƙe fitsari. Waɗanda ke ce min jakar kamfani sai su mutu.

Litinin, 16 ga Disamba

Wanda aka yi wa ƙari shi ke ciyar da layi, haka aka saba. Na tashi da asuba na dafa shinkafa mai kurkum, da ƙwai da tempe na waken suya da yaji, ƙunshi-ƙunshi a ganyen ayaba. Mijina Kang Oman ya kai ni a babur ɗinsa na haya cikin ruwan sama, yana mita wai na hana shi fasinjan safe, wai ana yanka kaza tun ba a ga ƙwai ba. Miji ke nan. Kowa ya ci ya sa albarka. Popon ta ɓoye rabin nata za ta kai wa yara, na gani na ƙara mata ƙunshi biyu.

Alhamis, 19 ga Disamba

An sanar da sabon mafi ƙarancin albashi. 'Yan ƙungiyar ƙwadago sun cika bakin ƙofa da lasifika kamar su suka haifi kuɗin. Na ji daɗi saboda irin su Popon. Ni dai nawa a sama yake.

Juma'a, 31 ga Janairu

An biya. Na duba wayata sau biyu, na ɗauka idona ne. Popon ta miƙo min tata tana dariya, wai in taya ta gani. Na gani kuwa. Tsakanina da ita rupiya dubu ashirin. Kuɗin kwano ɗaya na bakso, romon nan mai curin nama, da shayi. Ƙarin da na tara shekara da shekaru, da wanda na dafa wa shinkafa, duk sabon albashin ƙasa ya taso ya haɗiye su.

Ban yi mata magana ba har muka sauka daga mota.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ban yi barci ba. Allah ya isa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na je ofishin ma'aikata. Bu Lilis mai kula da albashi tana zaune cikin sanyin na'ura da farcenta ja, ko kujera ba ta nuna min ba. Ta ce an ba ni ƙarina cif, ba a taɓa min ko rupiya ɗaya ba, na ƙasa ne doka ta ɗago. Na ce to a ɗago ni ma, tazarar da ke tsakani ai gumina ce. Ta ce doka ta yi maganar ƙasa, ba ta yi maganar tsakiya ba, kuma kamfani ba shi da rarar da zai tura kowa sama. Sannan wai in gode wa Allah.

Na ce, "Bu, Allah ina gode masa kullum. Ke ce ban ga abin da zan gode miki ba."

Ta ce za ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ji sarai. Na biya wurin 'yan ƙungiya, wani mai hular ja ya ce ana kan tattauna batun tsofaffin ma'aikata, in yi haƙuri zuwa badi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana cire min kuɗinsu duk wata.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Popon ta kawo soyayyar ayaba da rogo ta raba wa layi, wai godiyar albashinta ya ƙaru. Me ta yi aka ƙara mata? Numfashi. Wata mai bakin tsiya daga wurin sa maɓalli ta ce ashe yanzu malama da ɗaliba kai ɗaya. Aka kwashe da dariya. Popon ma ta yi dariyar, har tana dafa kafaɗata, ta ce, "Teh, kin ga na kamo ki ba gudu."

Na san wasa take yi. Na sani. Amma zuciyata ta yi baƙi ƙirin, na tsane ta a lokacin, kuma na rubuta don gaskiya ce. Na ce cikina ba daɗi, na bar ayabar a kan keke har ta huce.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Hutun rana na ɗauki abincina na fita, na zauna na ci a tsanake, har da ƙarin shayi. Kwalolin Popon huɗu na nan a kwando inda ta saba ajiye min in gyara mata. Da muka dawo ta dubi kwandon ta dube ni. Na ce tunda albashinmu ɗaya, ai hannunmu ma ɗaya ne. Ta ja kwandon gabanta ta fara warwara.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Masu duba kaya sun dawo wa Popon da tari guda. Pak Dudung ya tsaya a kanta yana faɗa gaban kowa. Ta zauna duk hutu tana warwara, ta huda ƙyalle biyu da tsinken warwara. Kuskurenta ɗaya ne, tana jan kwalar ƙasa fiye da ta sama in ta zo lanƙwasa. Magana ɗaya ce in na faɗa mata. Da ina gyarawa ne kawai don ya fi sauri, ban taɓa zama na nuna mata ba. Yanzu kuma su Bu Lilis su sauko su nuna mata, su ne masu doka.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kang Oman ya ce ya ɗauko Popon daga kasuwa, tana tambaya ko ta yi min wani laifi. Na ce ya ce mata lafiya lau. Ya ce in kamfani ya mare ni, in rama a kan kamfani. Na ce to ya nuna min kumatun kamfanin. Ya ɗauki hular kwanonsa ya fita, ko kofi bai ƙarasa ba. Mutumin da bai taɓa zama awa takwas a kan keke ba shi zai yi min wa'azi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ni ma na rage gudu. Abin da aka yanka min nake yi, ba ƙari ko ɗaya. Ba wanda ya lura ma, wannan ya fi ci min rai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Pak Dudung ya kira ni gefe. Ba ya yanke wa sabo hukunci sai ya ji ta bakin wanda ya zauna kusa da shi, kuma kalmar tsohon hannu ba ta faɗuwa. Ya ce lambobin Popon ba kyau a watan nan, amma in na ce za ta iya, zai bar ta.

"Ke kika kawo ta. Za ta iya ko ba za ta iya ba?"

Na ce, "Pak, ni ba a biya na kuɗin sani. Ka tambayi kwalolinta."

Ya ce to shi ke nan. Ban ce a kore ta ba. Ko gaban wa zan maimaita, ban ce ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An sallame ta. Ta naɗe ɗan matashin da take zama a kai ta tafi tun kafin a tashi. Ina kan ɗinki, ban ɗago ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Gobe azumi. An yi cin jajibiri a unguwa kamar kowace shekara, an shimfiɗa ganyen ayaba a barandar gidan mai unguwa, dafa-dukan shinkafa na liwet da busasshen kifi, kowa na bin kowa yana neman gafara kafin watan ya kama. Na zauna can ƙarshe. Sai ga Popon. Ta durƙusa, ta kama hannuna da hannu biyu ta kai goshinta, kamar yadda take yi tun muna ƙanana.

"Teh, ki yafe min. Kin tsaya min, ni kuma na kunyata ki a wurin aikinki. Kaina ne ba ya ja."

Ba ta san abin da Pak Dudung ya tambaye ni ba. Ko ta sani? Kowa ya san amsar da ake bayarwa, ko yaron goye ya san ana cewa ni ma ki yafe min. Bakina ya ƙi. Na ce ba komai, Allah ya yafe mana. Ta tashi ta koma wajen yaranta, tana cire musu ƙayar kifi.

A hanya Kang Oman ya ce, "Ba ki ce ke ma ba." Na ce hayaniya ce ta hana shi ji.

Litinin, 3 ga Maris

An kawo wata a kekenta, albashinta ɗaya da nawa ita ma. Ban tambayi sunanta ba.

Laraba, 5 ga Maris

Popon ta kafa tebur a bakin babbar ƙofar kamfani, tana sayar da soye-soyen buɗa-baki. Masu irin wannan sana'a sun fi goma a wurin, nata tebur ne na ƙarshe, kusa da kwata. Tun Litinin ta ƙofar baya nake fita. Ta fi kusa da inda Kang Oman ke tsayawa, shi ya sa.

Yau na ba shi kuɗi na ce ya zagaya ya saye abin da ya rage mata, ya ce na 'yan tasharsu ne, kada ya kuskura ya ambace ni. Azumi ne, ana son sadaka, ba wani abu ba. Ya dawo da leda cike. Ya ce ta ƙara guda biyu a kai, ta ce na Teh Entin ne, ta soya su sun yi ƙayau yadda nake so.

Aka kira salla na sha ruwa. Na ɗauki ɗaya na gutsura, ya ƙi wucewa. Mai ne ya yi masa yawa.