Jan Zakaran Genna

Alhamis, 17 ga watan Tahsas

Endale ya bugo waya. Ɗana tilo, wanda sai wata ya zagayo yake tunawa yana da uwa a Debre Berhan. Ya ce za su zo Genna, bikinmu na Kirsimeti, su uku, shi da matarsa Lubaba da 'yarsu Mitu. Na ce to. Har na fara tunanin bargon da zan wanke sai ya kira ni da sunan da 'ya'ya ke kiran uwa a nan, ya ƙara da cewa, "Emaye, abu ɗaya nake roƙo. Kada a ware mata kwano."

Na san inda ya dosa. Ranar arba'in ɗin babansa, da jama'a suka zauna cin nama, Lubaba burodi da shayi aka kai mata bakin ƙofa. Na ce masa ni ban ware kowa ba. Ita Musulma ce, ba ta cin yankanmu, mu ma ba ma cin nasu, haka muka taso muka tarar. Ya ce, "Na sani. Amma in aka sake, ba zan ƙara kawo su ba. Ba faɗa nake yi ba, gaya miki nake yi."

Muryar babansa sak. Mitu ta kusa shekara uku, rabona da ita tun tana goye.

Juma'a, 18 ga Tahsas

Raɓa ta daskare a kan kabejin bayan gida. Gwiwa ta hana ni sakat. Wake da injera, wainarmu mai faɗi mai tsami, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Azumin bana ya yi mini tsawo: ba nama, ba ƙwai, ba man shanu sai ranar Genna.

Asabar, 19 ga Tahsas

Kasuwa. Na sayi zakara, ja, mai nauyi, zankonsa a tsaye. Ba a Genna babu miyar kaza, ko mahaukaci ya san wannan. Albasa kuwa sai da na ɗauki mai amalanke.

Askale maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gan shi. Ta ce, "Kai, Aselefech, wannan ai surukin sarki ne! Wa zai zo?" Na gaya mata, har da sharaɗin Endale. Ta ce abin ai mai sauƙi ne, in yi tukunya biyu kamar yadda ake yi a gidan biki: tamu daban, ta baƙuwa daban, a sa Musulmin kasuwa su yanka mata 'yar kaza. Na ce tukunya biyu ai faranti biyu ke nan, abin da yaron ya ce ba ya so. Ta ce, "To ku ci yankansu gaba ɗaya mana." Ta faɗa tana dariya don ta san ba zan iya ba. Ita ma ba za ta iya ba, kuma ita da mijinta Ato Demissie a gidana suke cin abincin Genna tun da mijina Mengiste ya rasu.

Na ɗaure zakaran a gindin bishiyar turare. Yana kallona da ido ɗaya kamar ya san zancen.

Litinin, 21 ga Tahsas

Me zan dafa? Na kwanta da tambayar na tashi da ita.

Wake da ganye kowa zai ci, amma a fito daga azumi mai tsawo haka a sake tarar da wake a ranar Genna? Unguwa za ta shekara tana ba da labarina. Kifi kuma ba a ganinsa a garin nan sai wanda ya kwana uku a mota, kuma ni ban taɓa jin gidan da ya yi Genna da kifi ba.

Shekara talatin da wani abu ina yin miyar nan. Gunduwa goma sha biyu, ƙwai goma sha biyu, ƙirjin na maigida. Uwar Mengiste ce ta tsaya a kaina ranar da na fara rarraba kaza, ta ce in na fasa ƙashi ɗaya in koma gidanmu. Ban fasa ba. Yanzu kuma yarinyar da ban zaɓa ba za ta sauya mini tukunya.

Ba na ƙinta, Allah ya gani. Gajiya ce kawai.

Talata, 22 ga Tahsas

Mura. Hanci ya toshe ruf.

Alhamis, 24 ga Tahsas

Har yau ba na jin ƙamshin komai. Na soya gahawa da safe, hayaƙi ya cika ɗaki, ni kuwa kamar ina soya tsakuwa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Jajibere ake yin miyar, ana cikin azumi, ga man shanu a ciki, don haka mai dafawa ba ta ɗanɗanawa. Da hanci ake aunawa. Hancina ne ya yi mini suna a unguwar nan, ba harshena ba.

Na gaya wa Askale. Ta ce, "Ki zuba gishiri da sunan Maryam, abin da ya fito shi ke nan." Ita miyarta kullum haka take fitowa, shi ya sa take ci a gidana.

Asabar, 26 ga Tahsas

Na sayi sabuwar tukunyar ƙasa. Tsohuwar ta tsage a gefe, ba tun yau ba. Askale ta ɗaga tsohuwar ta duba ta ce, "Wannan tsagar ai tun Mengiste yana da rai take, sai bana ta dame ki?" Na ce ta ajiye mini kayana. Ta ce, "Sabuwar tukunya wadda nama bai taɓa shiga ba. Hmm." Na ce ta tafi injerarta na ƙonewa.

Na ƙona tukunyar, na shafe ta da mai. Na ƙaro ƙwai wajen mai kajin layin baya, ban san dalili ba, arha na gani.

Lahadi, 27 ga Tahsas

Coci, sannan albasa. Na yanka har yatsuna suka ƙage. Da Mengiste na nan da ya zauna a bakin ƙofa yana cewa albasa ce ke sa ni kuka ko shi. Yau babu mai tambaya.

Ato Demissie ya ce gobe da la'asar zai zo da wuƙarsa, in ya gama da nasu. Mace ba ta yanka, gidan kuma babu namiji sai wanda ke hanya, shi kuwa Endale ko ɓera bai taɓa kashewa ba.

Na yanke shawara: zan yi miyata yadda na saba. Lubaba kuma in yi mata wake mai man shanu a gefen faranti ɗaya. In Endale ya ga dama ya yi fushi. Na rubuta wannan, amma shawarar ba ta kwanta mini ba, don na san romon kaza ba ya tsayawa inda aka ajiye shi a kan injera.

Litinin, 28 ga Tahsas

Sun iso da hantsi. Endale ya rame. Mitu ta ɓuya a bayan zanen uwarta, goshinta na Mengiste ne, babu ko tantama. Ba ta yarda na taɓa ta ba. Zakaran ta gani ta nufe shi, shi ke nan ta tare a gindin turare.

Lubaba ta durƙusa ta sumbaci gwiwata, ta ce, "Emama, mun same ku lafiya?" Na ɗaga ta. Ta kawo zuma daga Kombolcha. Da take jera kaya na hango wata 'yar kula a ƙasan jakarta, ta yi sauri ta rufe da zane. Wato ta zo da abincinta. A zo gidana ranar Genna da guzuri.

Na shiga madafa. Albasa ta narke tun safe, na zuba barkono, na zuba man shanu, ina ta juyawa, ja ya fito yadda ya kamata. Amma ban san ko ta yi ba. Na sunkuya na shaƙa, ba komai. Na sake, ba komai. Ban ji shigowarta ba, sai na ji ta ce, "Emama, in taya ki da wani abu?" Na ce babu. Ba ta fita ba. Ta tsaya tana kallon yadda nake cusa hanci a tururi.

Ta ce, "Kazar ta shiga?" Na ce tukuna, ko yankawa ba a yi ba. Ta ce, a hankali, "To ni ai ba na azumi."

Na tsaya da muciya a hannu. A duk layinmu yau babu bakin da zai iya taɓa miyar nan sai nata. Na ɗiga mata a tafin hannu. Ta lasa, ta lumshe ido. Sannan ta ce, "Gishiri kaɗan. Barkonon kuma bai gama sakin ɗacinsa ba, a ba shi lokaci." Ni za a gaya wa barkono! Na ƙara gishirin. Na rage wuta. Can ta sake lasa ta ce, "Yanzu kam, Emama. Endale yana ba ni labarin miyar nan tun kafin aure, na ɗauka cika baki ne." Ta sake miƙo hannun ba tare da na ce ba, ta ji kunya ta janye. Na ɗiga mata.

Daidai nan Ato Demissie ya yi sallama, wuƙa a naɗe cikin jarida. "Woizero Aselefech, ina mai laifin?" Lubaba ta goge hannunta a zane ta matsa daga bakin murhu. Taku biyu kawai ta yi baya. Na dubi tukunyar, na dube ta.

Na fita na ce masa ya bari tukuna. Ya ce, "Tukuna yaushe? Rana na faɗuwa." Na ce zakaran bai yi mini ba, kamar yana da mura. Ya dubi zakaran, wanda ke ta tono yana korar Mitu, ya ce, "Wannan ya fi ni lafiya." Na ce na gode, a gaida Askale. Ya tafi yana waige.

Na dafa duk ƙwan da ke gidan. Ita ta ɓare, ni na tsattsaga su da cokali don miya ta shige. Bayana kamar zai rabe biyu, ga tsayuwar coci tana jirana.

Talata, 29 ga Tahsas, Genna

Na gaji ƙwarai, amma bari in rubuta.

Na baza ciyawa a ɗaki, na shimfiɗa injera a babban faranti. Askale da mijinta suka shigo cikin fararen kaya. Kafin in buɗe tukunya Lubaba ta fara, "Emama, ni cikina tun jiya..." Ta shirya ƙaryarta tsaf, baiwar Allah, ko da yake da idonta ta ga abin da ya shiga tukunyar. Ina jin ta ɗauka na sake shawara bayan ta kwanta. Endale ya sunkuyar da kai, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Na juye miyar a tsakiya. Ƙwai suka gangaro, jajaye, babu ƙashi ko ɗaya.

Ato Demissie ya sa albarka, ya gutsiri injera ya shiga lalube. Ya laluba nan, ya laluba can. Askale ta ce, "Aselefech, kazar ta tafi coci ne ba ta dawo ba?" Sai zakaran ya yi cara daga gindin turare, da ƙarfinsa. Mitu ta ce, "Ga ta can!" Ato Demissie ya yi dariya har ya ƙware. Askale ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin an yi Genna da 'ya'ya an bar uban yana yawo ba, kuma sai ta gaya wa duk matan coci. Na ce ta gaya musu, amma ta fara cire hannunta daga farantina. Ba ta cire ba. Ƙwai huɗu ta ci, ina kallo.

Endale bai yi dariya ba. Ya ce, "Emaye," sai ya tashi wai zai duba ruwan wanke hannu.

Na naɗe loma da rabin ƙwai na kai bakin Lubaba, yadda muke yi wa wanda muke girmamawa. Ta buɗe baki, idonta ya cika. Na ƙara mata ta biyu, don ba a bayar da ɗaya a tsaya. Sai ta naɗo tata, babba, irin ta mutanensu na Wollo marasa tausayi, ta kawo bakina. Na karɓa. Ban ji ƙamshi ba, amma gishiri ya yi daidai.

Gaskiya na yi kewar ƙirjin kazar. Miyar ba ta kai ta bara ba, kada in yi wa kaina ƙarya.

Laraba, 30 ga Tahsas

Sun tafi da motar safe. Mitu ta yarda na ɗauke ta har bakin titi, da sharaɗin ba za a taɓa mata zakara ba. Endale ya ce wataƙila su zo Fasika, bikinmu na Ista. Na ce su dai gani, hanya da nisa.

Da nake gyara ɗakinsu na tarar da kular nan a ƙarƙashin gado, shinkafa a ciki, ko buɗewa ba a yi ba. Mantawa ta yi. Na juye wa zakaran, na wanke kular, na ɗora a kan kantar madafa kusa da sabuwar tukunya. Ba zan aika da ita ba, kuɗin mota ya fi ta tsada. In ta zo ta ɗauka.

Askale ta leƙo ta ce yanzu ai sai a yanka shi, baƙi sun tafi. Na ce ba yau ba, gwiwata na ciwo. Na tambaye ta ko ta san mai sayar da kaji mata masu yawan ƙwai.