Batirin Keken Baba

Maryama,

Motar kamfani ta iso ba ki dawo daga kasuwa ba, shi ya sa na bar miki takarda.

Keken Baba mai batiri ya tashi. Ramalan mai gyara ya zo da safe, ya duba ya ce batirin bai mutu ba, zafi ne ya yi masa yawa, don cikin zafin rana muke sa shi caji. Ni na fara ajiye shi a tsakar gida. Ki yi haƙuri da faɗan da na yi miki jiya.

Yanzu yana caji a zaure, cikin inuwa. Da zarar ƴar fitilar ta koma koriya, ki cire wayar.

Baba ya ga keken ya motsa, ya ce mini, "Fatahu, gobe da kaina zan je Juma'a ke nan?" Na ce in sha Allah. Wata tara bai ga masallaci ba, tun da nakiyar hanyar Agadas ta raba shi da ƙafa. Har ya ce a wanke masa farar rigarsa.

Yayanki,
Fatahu