Takardar Baba a Kwalbar Godiya

Mama,

Na tafi shago, ban tashe ki ba.

Maganar jiya. Ki daina ganin laifin Kawu Dale. Shi dai ya sa hannu a kwalbar godiya, inda kowa ke jefa abin da ya rubuta na godiya ga Allah, ya zaro takarda don mu canki mai ita, kamar kowace shekara bayan an ci talo-talo. Har da tsokanarsa: "Wane ne mai rubutu kamar tonon kaza?" Sai da ya karanta "Na gode Allah, likita ya ce na warke" sannan ya gane ta Baba ce, ta bara, wata huɗu kafin mu binne shi. Kika shige ɗaki, kowa ya ajiye cokali.

Laifina ne. Ranar Talata kin ce in juye tsoffin takardun a shara, na ce miki na juye. Na zubar da na kowa, na bar tasa. Na kasa, Mama. Na ɗauka za ta kwanta a ƙasa, ba mai kai wa gare ta. Ki yi haƙuri.

Tana kan tebur, na danne ta da gwangwanin gishiri. Kada ki bari Inna Corinne ta share ta in ta zo gyara.

Farar takardar nan da aka fara zarowa, kuka yi ta dariya kuka rasa mai ita, tawa ce. Na daɗe riƙe da biro, ban samu abin rubutawa ba.

Wendell